Firjin da Na Gwada a Sanyin Jos

Sanyi ne ya fara tarbata a Jos, tun ban sauke ƙafa daga mota ba. Ni mutumin Damagaram ne, can ƙasar Nijar, kuma riga ɗaya ce a jikina, mai gajeren hannu. Na tsaya a tasha ina karkarwa, hannu ɗaya riƙe da jakar kayan aikina, ɗayan a hammata. Sunana Laminu. A gida gyaran fanka da rediyo nake yi, sana'ar da ke ciyar da mutum yau ta bar shi da hamma gobe. Abin da ya fito da ni guda ɗaya ne: in koyi gyaran firji, in samo wa Inna nata na kanta.

Inna zoɓo da lamurje take sayarwa a ƙofar gida. A garinmu idan abin sha ba sanyi, ko kyauta ka bayar sai an yi maka tsaki. Don haka kullum sai an je bayan babbar kasuwa, gidan wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara, an ciko kula an ɗoro a ka. Tun da gwiwar Inna ta dama ta fara kumbura ni na karɓi wannan tafiya. Ranar da na bar gida kuwa tafiyar ta koma kanta, ni ma na sani ita ma ta sani, ba wanda ya ɗaga maganar. Duk kwanan da na ƙara a Jos, da gwiwarta nake ƙara shi.

A tashar na tambayi wani mai wankakken kaftani ko ya san Isuhu, mutumin garinmu da aka ce mini yana Tudun Wada. Ya dube ni ya ce, "Isuhu dogo ko Isuhu gajere?" Na ce dogo. Ya ce, "Ai maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Kawo jakar, baƙo ba ya ɗaukar kaya a garin nan." Na ji daɗi har na yi masa addu'a. Muka ratsa wani layi mai cunkoso, na tsaya in ba wani mai amalanke hanya, ko da na ɗaga kai ba kaftani ba jaka. Daga baya na gane da na ce gajere ma maƙwabcinsa ne. Shi kuwa Isuhu na gaske, da na yi ta cigiya, aka ce ya daɗe da barin garin.

Na yi 'yan kwanaki ina kwana a barandar wani masallaci. Garin bai daɗe da fita daga wani tashin hankali ba, kowa na kallon baƙuwar fuska da wutsiyar ido. Ban ga laifinsu ba, amma kallon yana da nauyi. Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuma har da bebantaka, domin da na buɗe baki aka san daga inda na fito. Nakan ce firigo su suna cewa firji, in ce kuran su suna cewa wuta.

Zangona na farko shagon Oga Sale ne a Tudun Wada. Yana sayar da firji na gwanjo, waɗanda Turawa suka gaji da su aka loda a jirgin ruwa, mutanen Jos na ce musu Beljiyom. Ya ɗauke ni a kan zai koya mini aiki, ya raɗa mini suna Faransa saboda Faransanci ake yi a ƙasarmu, sunana na yanka kuwa bai taɓa tambaya ba. Abin da na koya a wurinsa gugar tsatsa ne da fesa fenti. Hanyarsa ita ce ya ɗura wa firji mai yoyo gas, ya haskaka shi, ya sayar yana rantsuwa. Firjin ya yi mako ɗaya ko biyu yana sanyi, sai iskar ta tsiyaye. In mai shi ya dawo da faɗa, Oga Sale ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya taɓa shi nan, Faransa ne, bai san aiki ba tukuna." Na sha zagin da ba nawa ba har na ƙoshi. Ranar da wata mai jego ta zauna a bakin shagon tana hawaye saboda kifinta ya ruɓe gaba ɗaya, na ajiye takardar guga na fita, ban ko yi sallama ba.

Wadda ta tsamo ni Mama Ladi ce, mai sayar da gwate, wato faten acca da ganye, a tsallaken titi. 'Yar asalin Filato ce, Hausarta ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "ya" ne a bakinta. Ta daɗe tana lura da ni ina cin rabin kwano ina ɗumama hannu da sauran. Ranar ta kira ni ta ce, "Kai Ɗan Nijar, zo. Uwarka ya san kana yawo haka ba suwaita?" Ta ciro wata suwaita ruwan ƙasa daga leda, ta ce ta mijinta ce da ya rasu. Ta yi mini yawa a kafaɗa, hannun sai na naɗe. Sannan ta ce akwai wani dattijo a cocinsu, Baba Dung, mai gyaran firji a unguwar Kabong, idonsa ya fara rauni yana neman mai taimako. "Je ka ce Mama Ladi ne ya aiko ka. Kuma kar ka ba ni kunya." Suwaitar nan tana nan a akwatina har yau.

Zango na biyu, wanda na fi daɗewa a cikinsa, shagon Baba Dung ne. Dattijo ne gajere mai faɗin hannu, ba ya yawan dariya amma ba ya ƙarya. Muka yi magana ta fahimta: zai ba ni wurin kwana da abinci, in yi masa aiki har damina biyu, in zaɓi firji ɗaya a cikin kayansa ya zama nawa. A wurinsa na san walda, na san yadda ake neman yoyo da kumfar sabulu, na san kwamfireso, wato injin da ke bayan firji wanda shi ne zuciyarsa. Abin da ya fi nanata mini shi ne sauraro. Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ji. Firji mai lafiya yana aiki, yana hutawa. Zai yi gurnani, sai ka ji ƙat, ya yi shiru. Wanda ba ya hutawa, mutuwa yake nema."

Ɗakina yana bayan shagon, rabinsa matattun firji ne a jere, rabi tabarmata. Ba zan ɓoye ba, kaɗaici ya ci ni a ɗakin nan. Ran Lahadi Baba Dung ya tafi coci da iyalinsa, unguwar ta cika da waƙa, ni ina zaune ina ɗinke takalmi. Ran Juma'a in tafi masallaci cikin gari, a sallame kowa ya juya ya kama hannun wanda ya sani, ni in kama hanyar Kabong. Na yi kewar furar gero mai yaji. Na yi kewar zafin da na taso ina tsinewa. Idan an kawo wuta da sassafe nakan tsuguna a bayan firjin da ake gwadawa in kara tafin hannuna a ƙarfensa mai ɗumi, in rufe ido, in ga zauren gidanmu da akuyar Inna ɗaure a turke tana tuƙa.

A shekarata ta biyu ne rediyo ta ɗauki zafi da wata muhawara. Aka ce gwamnati na son kafa ƙa'ida a kan kayan wuta na gida, firji da na'urar sanyaya ɗaki da ƙwan fitila. Duk wanda ke shan wuta fiye da kima kada a shigo da shi, wanda aka yarda da shi kuma a liƙa masa takarda a jiki mai bayanin halinsa. 'Yan siyasa suka rabu biyu. Wasu na cewa an mai da ƙasar juji, tsofaffin injina na shanye 'yar wutar da ake da ita. Wasu na cewa dabara ce ta cika aljihun masu shigo da sabbi, a bar talaka da tulu. Kullum da la'asar benci biyu na gaban shagonmu su cika, masu acaba da teloli da mai wankin hula, kowa ya zama ɗan majalisa.

Baba Dung yana ɓangaren masu adawa, kuma da hujjarsa. "Gwamnati yana so ya kashe mu ne," in ji shi. "Wuta ɗin ma ina yake? Ka ba ni wuta tukuna, sai ka ce in yi tattali." Ya nuna mitar shagon, wadda ta mutu tun kafin in zo har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. A unguwar ba mai karanta mita. Ma'aikatan wuta da ka suke rubuto bil, ko ka sha ko ba ka sha ba, ko an kawo ko an ɗauke. To wa zai damu da abin da firjinsa ke sha?

Mutum ɗaya ne ke ɗaya ɓangaren, Malam Bitrus, tsohon malamin makaranta da ke zuwa da jaridarsa a hammata. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake yawan danne shi. Rannan ya ce, "Ni ba na cewa gwamnati waliyyiya ce. Abin da nake cewa, mai saye ya san abin da yake saye. A rubuta a jiki, ga yawan wutar da yake sha, ga irin zafin da zai iya jurewa."

Baba Dung ya ce, "Firji da jure zafi? Malam, aikinsa kenan, ya yi faɗa da zafi. Kamar ka ce a tambayi kifi ko ya iya ruwa." Aka kwashe da dariya.

Ni dai ba na sa baki. Baƙo ba shi da ƙuri'a a siyasar gari, nawa in miƙa sukurdireba in share ƙasa. Amma maganar ta fi taɓa ni a kan kowa a wurin, domin in aka toshe hanyar gwanjo kayan Baba Dung za su ƙare, sabo kuwa ko a mafarki ban isa ba. Da Malam Bitrus ya ƙara da cewa a hankali sabbin za su yi araha, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Malam, a garinmu akwai tsohuwa mai tafiya da gwiwa ɗaya tana ɗauko ƙanƙara a ka. A hankalin nan da kake faɗa, gwiwar za ta jira shi? Mai takarda a jiki na masu hali ne. Mu da tsohuwar zuma muke magani."

Nan take aka ɗauki shewa. Wani ɗan acaba ya tashi ya ba ni hannu. Tela ya matsa ya ce in zauna a benci. Baba Dung ya buga cinya ya ce, "Kun ji yaron nawa? Laminu ya gama magana." Na shekara da watanni a Jos, ranar ce aka fara kiran sunana a gaban jama'a, har aka miƙo mini rake. Malam Bitrus ya naɗe jaridarsa ya ce, "Gaskiyarka, Laminu, ba ni da amsar gwiwa. Amma ko ita tsohuwar, ai ta cancanci a gaya mata me aka kawo mata." Ban saurare shi sosai ba, daɗin zama a benci ya toshe mini kunne.

Bayan 'yan makonni jita-jita ta yi ƙarfi cewa dokar na gab da fitowa, gwanjo ya fara tsada. Baba Dung ya kira ni ya ce kada in jira damina ta biyu, in zaɓa yanzu in aika, in ya so in cika masa sauran watannin daga baya. Wannan karamci ne da ban roƙa ba. Na zagaya kayan, na tsaya a kan mafi girma, fari, na kwance, irin mai murfi a sama, da 'yan hotunan da yaran Turawa suka liƙa masa ba su gama ɓarewa ba. Mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ba mu yi masa gwajin wasa ba. Watan Kirsimeti ne, lokacin da ruwan randa ke cizon hannu, mutane na alwala suna tsaki. Muka duba gas, muka bi bututu da kumfa, ba yoyo. Muka cika bokiti da ruwa muka sa a ciki, aka yi sa'a wuta ta zauna. Washegari ruwan ya zama dutse har bokitin ya tsage. Injin ya yi gurnani kaɗan, ƙat, ya huta, ya daɗe yana hutawa. Baba Dung ya ɗaga yatsa yana murmushi ya ce, "Wannan zai binne ni ya binne ka." Ni ma na yarda, don gani ya kori ji.

Na naɗe shi da buhuna da kwali, na haɗa shi da wani direba mai kai dankalin Turawa Kano, daga can wani ya wuce da shi Damagaram. Mama Ladi ta ƙulla acca a leda ta ce a kai wa Inna. Ranar da motar ta tashi na daɗe a bakin titi, na ji kamar ni aka bari a baya shi ya tafi gida.

Lokacin wayar hannu ta fara yawa, akwai masu lema a bakin titi da ake biya a kira. Nakan kira wayar wani maƙwabcinmu ya kai wa Inna. Duk kiran tambayata ɗaya ce, "Inna, yaya firigon?" Amsarta ma ɗaya ce, "Yana nan lafiya. Allah ya yi maka albarka, ya saka wa maigidanka." In ce, "Gwiwar fa?" Ta ce, "Da sauƙi. Kai dai ka riƙa rufe ƙirjinka, an ce garin da sanyi." Da wannan amsa na ci gaba da cika watannina cikin sauƙin zuciya. A benci kuwa na zama abin misali, duk wanda zai kare gwanjo sai ya ce a tambayi Laminu. Dokar ma aka yi ta ja, yau a ce ta fito, gobe a ce an ɗage, ban taɓa sanin inda ta kwana ba.

Sai da bazara na samu zuwa gida, na kuwa faɗa wa Inna ranar da zan iso. Tun a hanyar Kano na cire suwaita, kafin mu kai Matamai rigata ta jiƙe. Na shiga zaure da sallama, ga shi nan a jikin bango, fari tas, an shimfiɗa masa ƙyalle mai ado a kan murfi, yana gurnani. Inna ta rame, amma fuskarta cike da fara'a. Ta buɗe murfin da kanta, ga ƙullin ƙanƙara a jere a ƙasa, ta fasa ɗaya ta zuba mini a lamurje. Na sha, na ji duk wahalar Jos ta bi ruwa. Na leƙa tsakar gida na ga turke ba akuya. Na tambaya, ta ce, "Ta tafi," ta shiga tambayata labarin hanya.

Da azahar na kishingiɗa a zauren. Kunne ya riga ya saba, ba da niyya ba na fara jiran ƙat. Na jira har la'asar. Gurnanin bai yanke ba ko sau ɗaya. Na zagaya na kai hannu bayansa yadda na saba a Kabong, na janye da sauri, ƙarfen ya kusa ɗauke mini fata. Na ɗaga kai na dubi mita a saman ƙofa, faifanta na juyawa kamar mazari a hannun mai kaɗi. A wurinmu mita ba ado ba ce. Duk wata ana zuwa a karanta ta, abin da ka sha shi za ka biya, in ka gaza a yanke.

Na ƙulla ruwa a 'yar leda na tura can ƙuryar firjin. A nan na lura da ƙullin ƙanƙarar da ke ciki. Inna ƙulli ɗaya take yi ta bar baki dogo. Waɗannan an murɗa bakinsu an naɗe sau biyu, ɗaurin gidan Hajiya ne na bayan kasuwa, na shekara nawa ina kwance shi da haƙori.

Da safe ledata tana nan ruwa, ta dai yi sanyi kamar na randa. A nan komai ya bayyana mini. An ƙera firjin nan ne don ƙasar da ake hura wuta a ɗaka, ya tsufa a can, ya zo Jos ya tarar da gari irin nasu. Rabin aikin da muka yaba masa, sanyin Jos ne ya yi shi. Baba Dung bai cuce ni ba, bai taɓa zama a wani gari ba bayan Filato, ni kuma a hannunsa na buɗe ido. Mu biyu muka tsaya cikin suwaita muna gwada abin da za a kai Damagaram.

Inna ba ta gida, ƙofar ɗakinta a janye. Na bi hanyar da ƙafata ta sani. A gindin bangon makaranta na same ta, inda ta saba hutawa, rana ta fara ɗagowa. Tsohuwar kular nan tana kanta, an lulluɓe ta da buhu, hannunta ɗaya dafe da bango, ƙafar dama ba ta taɓa ƙasa sosai.

Na ce, "Inna, daga ina?"

Ta ce, "Gaisuwa na je."

Ruwa na ɗiga daga gindin kular yana bin mayafinta. Ta ga inda nake kallo, ta yi 'yar dariya ta ce, "To, sauke mini, tunda ka zama malamin duba."

Na sauke na ɗora a kaina, muka taho a hankali. A hanya ta ba ni labari ba tare da ta dube ni ba. Watan farko ta bar shi a kunne dare da rana, ruwa bai taɓa daskarewa ba. Da takardar kuran ta zo, akuyar ce ta biya. Tun daga nan ta zare shi. Jiya ne kawai ta mayar, don kada in shigo in tarar da shi shiru.

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba? Kullum ina tambaya."

Ta ce, "Ka tambaye ni yana nan, na ce yana nan. In ce maka me, kana can kai kaɗai cikin sanyi? Kuma ba shi da laifi. Baƙo ne shi ma, garin ne bai karɓe shi ba. Ai kai ka san baƙunta." Muka ɗan taka, ta ƙara da cewa, "Ko ba kuran yana riƙe ƙanƙara fiye da kula, wani lokaci har ta kwana. Kada ka je ka ɓata wa maigidanka rai, mutumin kirki ne. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Da muka isa na jera ƙanƙarar Hajiya a cikin firjina, na sunkuya na zare shi daga bango. Gurnanin ya tsaya, faifan mita ya yi laƙwas. Inna ta mayar da ƙyallen kan murfi ta gyara masa gefe. Sauran kwanakin da na yi a gida ni na riƙa zuwa bayan kasuwa, kuma kowace safiya ina sane da cewa ranar komawata tana matsowa.

Dole na koma, don sana'ar tana Jos, kuma a can kaɗai zan iya tara abin da zai sayi wanda zai jure garinmu, ko shekara nawa zai ɗauka. Ranar da zan tafi na ga ta jawo kular ta ajiye kusa da ƙofa, ta ɗora gammo a kai.

Na iso Kabong da la'asar, ana yayyafi, na sa suwaitar mijin Mama Ladi tun daga tasha. Benci a cike, rediyo na ta faman maganar nan dai, wannan ya ce juji, wancan ya ce talaka. Aka yi mini maraba da suna, tela ya matsa mini wuri. Baba Dung ya fito yana goge hannu, fuskarsa ta yi haske da ganina. Ɗan acaban nan ya nuna Malam Bitrus ya ce, "Yawwa, ga shaida ya dawo. Laminu, gaya wa Malam yadda gwanjo ke aiki a Nijar."

Malam Bitrus bai yi gardama ba. Ya sauke jaridarsa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sannu da hanya. Yaya tsohuwa, yaya firjin?"

Na dubi Baba Dung, yana jira da yatsansa a sama. Na ce, "Yana nan lafiya."

Ban zauna a bencin ba. Na wuce ɗakina na bayan shago, na ajiye jaka a tsakanin matattun firji, na zauna a kan tabarma ina jin su suna dariya.